Ina Cigiyar Tendar Jirgin Kwal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi cigiya. Ba yaro ne ya ɓata ba, ba kuma akuya ba ce. Abin da nake nema, in ka ji shi, wataƙila ka yi dariya kamar yadda uwargidana take yi. Tendar ɗan ƙaramin jirgin ƙasa nake nema, irin jiragen nan da ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur, lantarki yana tuƙa su. Tsawonta in an same ta ba zai wuce taƙi ɗaya ba. Shekara huɗu ke nan ina bin sawunta.

Na san masu karatu da yawa, musamman waɗanda aka haifa bayan an daina jin kukan jirgin kwal, za su ce mece ce kuma tenda. To ba tandar waina ba ce. Ita ce taragon nan da ke manne da bayan kan jirgi mai tururi, wanda ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗaukar gyaɗa ko auduga, sai guzurin jirgin kansa: kwal a sama, ruwa a ciki. Wanda bai sani ba zai ɗauka kwal ne babban kayanta, tunda shi ido ke gani a tule. Alhali ruwan ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, domin abin da tukunyar jirgi ke sha ya ninka nauyin kwal ɗin da take ci sau da dama. Kan jirgi ba tenda, raƙumi ne ba tozo.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fayaman ne a reluwe. Aikinsa shi ne ya tsaya a tsakanin kan jirgi da tenda, a kan wani farantin ƙarfe da ke rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya juya ya ɗebo kwal da shebur, ya juyo ya watsa cikin wuta, haka tun daga tashi har isa. Direba yana kallon gaba, shi kuwa rabin ransa a baya yake: saura ruwa nawa, kwal ya gangaro kusa da ƙofa ko sai an hau an turo shi. A kwatas ɗin reluwe na Zariya aka haife ni, kuma ni ne mai kai masa abinci loko, wato wurin ajiye kawunan jirage da gyara su, in ya dawo daga tafiya bai samu damar zuwa gida ba. A nan na fara ganin yadda ake juyo dogon hancin famfon tasha a kan tenda, shi yana tsaye a sama ya buɗe murfi, ruwa yana kwarara kamar an fasa madatsa. Jiragen da ya fi daɗewa a kansu su ne waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan, 'yan reluwe suna ce musu Riba. Kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera rukunin farko a 1948, ya ƙaro wasu a 1954. Kwal ɗin da suke ci daga Inugu ake kawo shi, shi ya sa da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka shiga matsala, jiragen dizal da suka fara shigowa tun tsakiyar shekarun 1950 suka samu ƙofa a buɗe.

Ni ban gaji reluwe ba. Koyarwa na yi, darasin aikin ƙarfe da zane a makarantun sakandare, har na yi ritaya. Amma wanda ya tashi yana ƙera motar kara da ta langa-langa, hannunsa ba ya daina ƙaiƙayi. Da ɗan ƙanena ya tafi karatu Ingila, sai ya ci karo da wata kasuwar gwanjo ta masu sha'awar ƙananan jirage, ya tuna da ni, ya sayo mini wani kwali na tarkace: 'yan layuka, taragu biyar, akwatin ba da wuta, da kan jirgi guda ɗaya baƙi mai nauyi, na tsohon kamfanin Mantua na Amurka. Ya ce mai sayarwar ya rage masa kuɗi saboda babu tendarsa. Shi a ganinsa arha ya samu.

Da na juya kan jirgin nan na ƙirga ƙafafunsa, sai gabana ya faɗi don murna. Ƙanana biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Masu abin suna rubuta shi 2-8-2, suna kiransa Mikado, saboda waɗanda kamfanin Baldwin ya ƙera wa Japan a 1897. Jerin ƙafafun Riba ke nan daidai. (Ka lura, Malam Edita, ko a wannan lissafin ba a sa ƙafafun tenda. Tun daga ƙirga aka fara raina ta.)

Ka yi mini haƙuri in ɗan yi lissafi, tsohon malami ba ya barin allo. Tsohon layin dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Na Turai da Amurka, da sabon nan na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Kamfanonin ƙananan jirage don kasuwarsu suke ƙira, saboda haka ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira HO, yana rage jirgi sau 87 ya ɗora shi a kan layi mai faɗin milimita 16.5. Amma in ka ɗauki namu 1,067 ka raba da 64, za ka samu 16.7. Kusan abu guda. Mutanen Niyu Zilan, da layinsu yake da faɗi irin namu, sun daɗe da gano wannan dabara: su yi amfani da layi da ƙafafun HO, su gina gangar jikin da hannu a kan ma'aunin 64. Na ƙara duba manyan ƙafafun. Na Riba inci 48 ne, in an rage sau 64 ya ba da milimita 19. Na Mikadon Amurka da aka fi kwaikwaya inci 63 ne, in an rage sau 87 ya ba da 18.4. Bambancin bai kai kaurin farce biyu ba. Abin nema ya samu. A daren nan na ƙudura cewa sai na mai da baƙon nan jirgin mahaifina.

Na haɗa layi, na ɗora shi, na murɗa wuta. Shiru. Na goge ƙafafu da kananzir, na sa mai, na taɓa waya kai tsaye a jikin ɗan injinsa, ya yi gurnani lafiya ƙalau. Na mai da shi kan layi, shiru. Kwana biyu na yi kafin in gane abin da ya kamata malamin aikin ƙarfe ya gane a minti biyar. A tsofaffin ƙananan jirage irin wannan, kan jirgi yana ɗaukar wuta daga layi ɗaya ne kawai. Ɗaya layin kuwa, ƙafafun tenda ne ke taɓo shi su miƙo ta waya. In babu ita, zagayen lantarki bai cika ba. Ashe ko a kan tebur ma, ba ya motsi sai da ita.

Daga nan aka fara nema. Na koyi shiga kasuwannin intanet irin su eBay da taimakon jikana, na shiga zaurukan Facebook na masu wannan sha'awa, ina kallon hotuna har ido ya yi ja. Abin da na fara lura da shi shi ne, kawunan jirage marayu sun cika ko'ina, tenda kuwa in ta fito ita kaɗai, kafin ka ƙifta ido an yi caa a kanta, wani lokaci kuɗinta ya kusa na cikakken jirgi. Dalilan suna da yawa, kuma sai a hankali na fahimce su. Kamfani ba ya sayar da ita daban, tare suke fitowa cikin kwali ɗaya. Yaro in ya gama wasa, kan jirgi mai nauyi yake ajiyewa, tendar roba ta bi tarkace ko a taka ta. Sannan akwai wani zamani, musamman shekarun 1970 da 1980, da kamfanoni irin su Hornby na Ingila, da Fleischmann na Jamus, da Roco na Ostiriya, suka riƙa sa injin lantarkin a cikin tenda, ta zama ita ke tura kan jirgin daga baya shi kuwa fanko ne. To duk wanda injinsa ya ƙone, tenda sukutum yake nema, ya bar wani kan jirgin a maraice. Na zamanin yanzu ma ba su sauƙaƙa ba. A cikinta ake ɓoye 'yar na'urar da ke karɓar umarni da lasifikar da ke fitar da kukan jirgi, wayoyi da dama suna ratsawa tsakaninsu ta wani ɗan soket da kowane kamfani yake yin nasa iri. Kuma yanzu rukuni-rukuni ake ƙera su, galibi a Sin, in rukunin ya ƙare kayan gyaransa sun ƙare. Mantua da kansa ya daina aiki a 2001. Babban shagon nan na Hattons da aka kafa a Libaful a 1946, wanda ya shahara da cinikin na hannu, shi ma ya rufe a farkon 2024.

Wanda ke zaune a Kaduna kuwa, wahalarsa biyu ce. Masu sayarwa da yawa ba sa aikowa nan ko kaɗan, waɗanda suka yarda kuma kuɗin aike ya fi kuɗin kaya. Sai dai a tura gidan ɗan ƙanena, a jira mai zuwa gida.

Tendar farko da na samu, wata bakwai na jira ta. A hoto ba ta da aibu. Da na buɗe takardar da aka naɗe ta, jikinta na sama lafiya, amma ƙasan da ke riƙe ƙafafu ya kumbura ya tsattsage, ina taɓawa yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Ban zargi mai sayarwar da ha'inci ba, mai yiwuwa girgizar hanya ce ta ƙarasa abin da ya daɗe yana ci a ciki. Ciwo ne sananne ga masu tara tsofaffin kayan nan. Ƙarfen da ake zuba su da shi tutiya ce da aka gauraya da alminiyam, to in dalma ta ɗan shiga cikin haɗin tun a ma'aikata, bayan shekaru sai ƙarfen ya fara kumburi daga ciki, laima kuma tana ƙara masa gudu. Ba shi da magani. Ba a yi masa walda, gam ba ya riƙe shi. Na tsince ƙafafun na adana a gwangwanin madara, sauran na zubar.

Ta biyu kuwa lafiyayya ce, kuma da ita jirgina ya fara tafiya. Ranar na kira duk yaran gidan. Sai dai irin wadda ake kira Vanderbilt ce, mai zagayayyen tanki kamar ganga a kwance, wadda wani attajirin Amurka, Cornelius Vanderbilt na uku, ya yi wa rajista a 1901. Na ce da babu gara ba daɗi. Haka na yi ta zagaya da ita kusan shekara, har ranar da wani dattijo, abokin aikin mahaifina da ya fara da share loko ya ƙare a direba, ya zo mana barkar suna. Na riƙo hannunsa na kai shi ɗakin, na kunna masa. Ya sunkuya ya bi jirgin da kallo zagaye biyu, bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Ɗana, kan dai na gane shi. Amma wa ya ce ka ɗaura masa tankar kananzir?"

Na ce, "Baba, ita na samu."

Ya ce, "To babanka a ina zai tsaya? Ina zai rataye fitilarsa? Wannan ko shebur ba ta da wurin ajewa."

Aka yi dariya, amma ni maganar ta zauna mini. Dattijon ya fi ni gaskiya. Kan jirgi yana iya kama da wani kan jirgin, amma tenda ƙasarta take bi. Ita ce ke faɗa maka nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya, da irin abin da ake ƙonawa, da tsawon tafiyar da ma'aikata za su yi ba hutu. Dubi Ingila a 1928, lokacin da suka so jirgi ya tashi daga Landan zuwa Edinbara, kusan mil 393, ba tsayawa. Ruwa ba matsala ba ne, don suna da kwatami a tsakiyar layi da tenda ke sauke ludayi ta kamfata tana cikin gudu. Matsalar mutane ce, direba ɗaya da fayaman ɗaya ba za su iya ba. Sai suka huda wani siririn lungu a gefen tendar, tsayinsa ƙafa biyar, faɗinsa inci 18, sababbin ma'aikata su taso daga tarago su ratso a sunkuye su karɓi aiki, ga tan 9 na kwal da galan 5,000 na ruwa a gefensu. Dubi Afirka ta Kudu, da layinsu yake da faɗi irin namu. A busasshiyar ƙasar Karu ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, sai suka yi odar jirage a farkon shekarun 1950 masu doguwar tenda da fankoki a rufinta, tururin da ya gama aiki ba ya fita sama, ana mai da shi baya a sanyaya shi ya koma ruwa a sake dafawa. Ƙaton jirgin Amurka da ake kira Big Boy kuwa, tendarsa kaɗai ƙafa 14 gare ta saboda nauyi. Har akwai waɗanda suka ce a raba gardama, irin jiragen Garat da mu ma aka yi aiki da su a nan, da aka ɗora musu tankin ruwa a gaba, kwal da ƙarin ruwa a baya, ba tenda sam. To ni da na ɗauko ta Amurka mai ganga na liƙa wa Riba, kamar na sa wa Bahaushe babbar riga ne na ɗora masa hular sanyi ta Turawa. Ga shi ma ta yi masa siririya, tunda ita an rage ta sau 87, shi kuwa ina gina shi a kan 64.

Wani abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne da na gano cewa masu manyan jirage na gaske ma wannan ciwon suke fama da shi. Da Birtaniya ta yi sallama da jiragen tururi, aka gama a 1968, wani gidan 'yan gwangwan na Woodham Brothers da ke garin Barry a yankin Wales ya sayi kawunan jirage 297. Sai suka shagala da yanka taragu, wanda ya fi sauƙi, kawunan suka yi shekaru a jere suna tsatsa, har masu sha'awa suka riƙa tara kuɗi suna fansa ɗaya bayan ɗaya. An ceto 213. Amma tendoji da dama sun riga sun tafi, domin wata ma'aikatar narka ƙarfe ta saye su ta cire tankunan, ta mai da ƙasan amalanken ɗaukar curin ƙarfe. Sai ga mutane sun fanshi jirgi ba abin ja masa ruwa, wasu suka yi aro, wasu suka yi musaya, wasu dole suka ƙera sabuwa daga tushe.

Ni ma shawarar da na yanke ke nan: ƙerawa zan yi. Babu kamfanin da zai zuba tendar Riba don tsoho ɗaya a Kaduna, kuma ban ga laifinsu ba. Na je Panteka wurin wani maƙeri da na sani tun ina kai ɗalibai ganin aiki, mutumin da in ka ba shi fallen tagulla zai lanƙwasa maka shi kamar takarda. Na yi masa bayani, ya saurara, ya ce, "Malam, aiki ba wuya. Kawo awo." Jikana kuma ya ce akwai na'urar da ke gina abu da narkakkiyar roba daga zanen kwamfuta, abokinsa yana da ita, har kan kusoshi za ta fitar. Na ce madalla, me ake bukata? Ya ce, "Awo, Kaka."

A nan gizo ke saƙar. Na tara hotunan Riba da dama, daga littattafai da intanet, kuma kusan dukkansu daga gaba aka ɗauke su, a ɗan karkace, don a nuna bututun hayaƙi da fitila da manyan ƙafafu. Tendar tana can baya ta ƙanƙance, ko hayaƙi ya rufe ta, ko bakin hoton ya yanke ta. Mai hoto bai taɓa cewa bari in zagaya in ɗauki ƙeyar jirgi ba, balle ya hau sama. Na rubuta wa wani gidan tarihi a Ingila, suka amsa cikin mutunci, suka turo mini zane guda na gefe, wanda ya ba ni tsawo da tsayi amma bai nuna baya ko sama ba. Wani a zauren Facebook ya ce in kwaikwayi jiragen Afirka ta Gabas na rukunin 29, waɗanda kamfanin North British na Gilasgo ya ƙera a kan fasalin Riba, tunda akwai ɗaya a gidan tarihin reluwe na Nairobi. Gaskiya ne 'yan uwa ne, amma su mai suke ƙonawa, inda kwal zai zauna tanki ne a rufe. Wurin da nake nema ɗin, shi ne ba su da shi.

Abin da ya rage a kaina na yarinta ne, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ma'auni ba ce. Na tuna ƙafafunta takwas ne, huɗu-huɗu a kan bogi biyu, wato ƙarafan da ke riƙe ƙafafun a ƙarƙashinta. Na tuna akwai tsani a baya. Amma a dama yake ko a hagu? Murfin ruwan zagayayye ne ko mai kusurwa? Ina akwatin kayan aiki yake, ina marikin birkin hannu? Layin kusoshi nawa ne a gefe, kuma ta ina gangaren ramin kwal ya fara? Dattijon da ya yi mini gyara ya zana mini abin da ya tuna a bayan ambulan da hannu mai rawa, muka yi alkawarin zan koma da babbar takarda. Kafin in koma, Allah Ya yi masa rasuwa a daminar bara. Ambulan ɗin yana nan na sa shi cikin leda.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar masara wannan tsoho yana neman kayan wasa. Ban musa ba, kuma ban roƙi kowa sisi ba. Amma a gidaje nawa ne a Zariya, da Kafanchan, da Minna, da Gusau, da Nguru, ake da tsohuwar akwatin ƙarfe ta kaka ɗan reluwe, cike da takardun da ba wanda ya buɗe tun rasuwarsa? Na san gida guda da aka ba mai ƙosai irin waɗannan takardu ta ƙulle kaya da su, a ciki har da littafin koyon aikin tukunya. Na san inda wata tsohuwar tenda ta yi shekaru a ajiye an mai da ita tankin ruwa, ina cewa gobe zan je da tef, gobe zan je, ranar da na je sai na tarar da ciyawa da alamar inda ta zauna. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Saboda haka cigiyata kashi biyu ce. Ta farko ƙarama. Duk wanda ya taɓa zama Turai ko Amurka ya sayo wa 'ya'yansa jirgin tebur, yanzu yaran sun girma kwalin yana sito, don Allah ya duba. Ko jikin tendar ya fashe ba komai, ƙasan nake so, mai bogi biyu da ƙafafun ƙarfe, na layin milimita 16.5. In an juya ta aka ga HO ko OO a rubuce, ita ce. A ɗan danna ƙarfen ƙasan da farce, in ya yi tsaga-tsaga kamar busasshen tabki, a bar shi.

Ta biyu ita ce babba. Ina neman hoto ko zane na tendar Riba ta gaske, daga baya ko daga sama. Ba sai hoton jirgi aka nufa ba. Sau da yawa abin da nake nema yana fitowa ne a bayan mutane: hoton ma'aikata sun jeru a loko, ko na wani ango ɗan reluwe da ya tsaya a tasha, tendar tana bayansa ba wanda ya kula da ita. Ba na bukatar a rabu da asalin, a ɗauka da waya a wuri mai haske ya wadatar. Tsofaffin fayaman da direbobi da fitoci masu gyaran jirgi da Allah Ya bar mana, ko 'ya'yansu, in akwai mai iya zama da ni awa ɗaya, zan zo har gida da takarda da fensir. Ina kuma roƙon hukumar reluwe da masu kula da ɗan gidan tarihin nan na Jaekel House da ke Ebute Metta a Legas, in akwai tsofaffin zane-zanen loko a ajiye, ko wata tenda da ta saura a wani lungun yadi, a ba ni izini a rubuce in je in auna. Ba zan taɓa ko noti ɗaya ba, kuma ina jan kunnen matasa masu son taimaka mini kada kowa ya tsallaka shingen reluwe ba izini saboda ni.

Wanda ya samu dama ya ɗauki hoton da kansa, ya tsaya daidai saitin bayanta, kada ya karkace, ya jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikinta don in samu abin kwatance. In da hali a leƙa saman a ɗauko murfin ruwa da ramin kwal. In akwai ɗan allon tagulla na maƙera a gefe, mai shekara da lamba, shi ma a ɗauko.

Na bar lambar wayata da adireshina a ofishinka, Malam Edita, duk mai labari ya biyo ta hannunka in ba za ka damu ba. Kuɗin mota a kaina yake, ko ina ne. Tef ɗina mai mita biyar yana cikin jaka tare da ambulan ɗin dattijon nan, jikana kuma ya yarda zai riƙe mini ɗaya bakin in an yi hutun makaranta.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Ɗan tsohon fayaman,
Kaduna.